Tafin Hannun Auta

Rana ba ta kai tsaka ba sai ga Auta a ƙofar shagon kitso, jaka a baya, hannuwanta biyu cikin safar ƙafa.

"Malama ce ta sa mini," ta ce da uwarta. "Wai iyayen yara sun kai ƙara, in zauna gida sai na warke."

Mai kitso ta ajiye mataji ta zare safar a hankali. Tusar jaki ta rufe yatsun 'yarta har wuyan hannu, an ƙona ta dawo, an yanke ta dawo. Matar da ake wa kitso ta leƙa ta madubi, nan take ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ta ɗaura ɗankwali kan rabin kitso ta fice.

* * *

A babban asibiti, bayan gwajin jini kala-kala, wata likita ta zaunar da su. Ta riƙe hannun Auta tana juya shi. Mai kitso ta zuba musu ido. Ta manta rabon da wani bare ya taɓa yarinyar nan.

"Mama, a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi," in ji likita. "Ba sa jiran umarni. Zagaye suke, duk ƙwayar jikin da cuta ta shige ta ɓuya, ko wadda ta fara rikiɗa zuwa ciwon daji, su gane ta su kashe. Na Auta kaɗan ne, haka aka haife ta."

"Masu gadina barci suke yi?" Auta ta tambaya.

Likita ta yi dariya. "A'a, aiki ne ya yi musu yawa. Za mu taya su da magani."

"Likita, an ce tana shafa wa mutane," in ji mai kitso.

"Ƙwayar da ke kawo wannan tsiron tana ko'ina. Yawancin mutane sun gamu da ita, jikinsu ya share. Cutar da wani yaro zai yi kwana kaɗan ya tashi, tana iya kwantar da Auta a gadon asibiti. Auta ce abar kiyayewa."

* * *

Mai kitso ta bi maƙwabta gida-gida da wannan bayani, har makaranta ta je. Kowa ya ce Allah sarki, Allah ya ba da lafiya. Malama ta ce a dai ƙara haƙuri zuwa wani zangon. Kujerar shago kuwa sai ƙura take tarawa.

Wata la'asar tana wanke matajai ta ji 'yan mata a titi suna wasan tafa hannu. Can sai ta ji wani tafin a kusa, mai bushewar sauti. Ta leƙa bayan shago. Auta ce tsaye gaban katanga, tana bin waƙar a ƙasa-ƙasa, tana tafawa da bango.

Mai kitso ta goge hannu a zane, ta durƙusa gabanta ta miƙa tafukanta.

"Zo mu yi, uwata."

Suka fara. Sau uku uwar tana kuskure, Auta na ƙyalƙyala dariya. Daga titi aka canza waƙa, wata sabuwa da aka koya bayan ta bar makaranta. Auta ta tsaya, hannuwanta a sama, ta karkata kai tana saurare.