Mota Mai Giyar Hannu

Sada na tsaye tsakanin motoci biyu a cikin shago, makullai a hannu, waya a kunne, yana jiyo ƙarar fasa gilashi daga can ƙarshen layin. Ƙarshen Janairun 2011 ne. Tun ranar Juma'a 'yan sanda suka ɓace daga titunan Alƙahira, yau kuma tun safe ake ta raɗe-raɗin fursunoni sun ɓalle.

"Wacce zan ɗauka, ya Hajj?"

"Baƙar," in ji Hajj Amjad, mai shagon motocin, wanda ciwon ƙafa ya kwantar a gidansa na unguwar Masar Jadida.

Sada ɗalibin Azhar ne daga Yelwa. Yakan zo shagon da ke unguwar Madinat Nasr ya yi tafinta in baƙi 'yan Afirka sun zo saye. Jiya 'ya'yan Hajj suka kwashe sauran motocin zuwa gida don gudun ɓarayi, yau kuwa an datse musu hanya, sai Sada da ke zaune kusa, a unguwar Hayyin Ashir. Biyun da suka rage kamar tagwaye suke, masu ƙofa biyu, cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Sai dai jar otomatik ce, baƙar kuma giyar hannu.

"Jar ta fi mini sauƙi, ya Hajj. Ba kai ka ce mutanen garin nan ba sa son giyar hannu saboda cunkoso ba?"

"A motar kai yara makaranta ke nan. Mai sayen irin wannan ba don ta kai shi unguwa yake saye ba, so yake ya ji injin a tafin hannunsa. Masu giyar hannun sun yi ƙaranci, har bin su ake yi. Jar kullum darajarta faɗuwa take, baƙar kuwa ko bayan shekaru kuɗinta na nan. Kada ka ƙona mini kuloci. Yalla, yi sauri, ɗana."

Rabon Sada da giyar hannu tun tsohuwar Fijon kawunsa a gida. Ya shiga, ya ji kamar a ƙasa ya zauna. Ya yi bismilla ya tayar. Motar ta yi gurnani, ta zabura, ta mutu. A karo na biyu ta fita. Ta madubi ya hango wasu mutane suna tahowa da gudu, ɗaya riƙe da guduma. Bai tsaya rufe ƙofar shagon ba.

Titin da kullum ba masaka tsinke yau fayau yake. Ga motar 'yan sanda a ƙone a gefen hanya, tana ta hayaƙi. Duk sauya giyar da ya yi sai ƙarfe ya yi kuka.

A wata mahaɗa ya tarar da shinge. Mutanen unguwa ne suka gicciya ƙarfen fitilar titi da durom, suna gadin gidajensu da sanduna da wuƙaƙen girki. Ya taka birki, ya manta da kuloci. Motar ta yi tsalle ta mutu a gabansu.

Kafin ya buɗe baki an fizge ƙofar, an jawo shi waje.

"Ɓarawo ne. Dubi ko tuƙa ta bai iya ba."

"Daga wane kurkuku ka fito?"

Ya ce shi ɗalibi ne, ya faɗi sunan shagon, amma Larabcin da ya kwashe shekaru yana koyo ya tarwatse a bakinsa. Ya kai hannu aljihu don ya ciro waya. Wani ƙaton mutum mai furfura a gemu ya zaci makami ne, ya sauke masa sanda a kafaɗa. Wayar ta faɗi a kwalta ta tarwatse. Sada ya durƙusa. Ya ga wani ya kawo igiyar shanya. Ya tuna babu wanda ya san inda yake, mahaifiyarsa ma ta ɗauka yana ɗaki yana karatu.

Wani dattijo cikin rigar barci da kwat a sama ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallon sandar giyar.

"Ka ce a shagon motoci kake aiki. To me ya sa ka ɗauko wadda ba ka iya ba? Babu otomatik a can?"

"Akwai, ya baffa. Maigidan ne ya ce wannan ta fi daraja. Ya ce masu son irinta giyar hannu suke nema, otomatik ɗin faɗuwa take yi."

Dattijon ya juya ga mutanen. "Da ɓarawo ne, da mai sauƙin gudu zai ɗauka," ya ce. "Amma ban rantse ba. Usta Ja'afar, kai da ka dake shi, shiga ku je tare. In ƙarya yake, ka san yadda za ka yi."

Mai furfurar ya zauna a gefe, sandar a tsakanin gwiwoyinsa. Sada ya kama sitiyari da hannun hagu, na daman ya ƙi ɗaguwa. Ya yi ƙoƙarin sa giya, zafi ya ratsa shi har wuya.

"Cire hannunka," in ji Ja'afar. "Direban ƙaramar bas ne ni, shi ya sa ake ce mini Usta. Ka taka in na ce taka."

Haka suka tafi. Ja'afar ya ce "taka", Sada ya danna kuloci, babban hannun nan ya tura giyar a hankali kamar mai shafa kan jariri. Suka wuce shingaye da dama. A kowanne sai fuskoki su taru a kan Sada, sai Ja'afar ya leƙa ya faɗi sunan unguwarsu, a janye durom. Ko sau ɗaya bai dubi Sada ba. Shi kuwa Sada idonsa na kan sandar, yana tunanin abin da zai faru in Hajj bai fito ba, ko in tsoro ya sa ya ce bai san shi ba.

Hajj Amjad na jiransu a ƙofar gareji, dogare da sanda. Ya ɗingiso, ya sunkuya, ya shaƙi iskar da ke fitowa daga ƙarƙashin motar.

"Akwai ɗan ƙaurin kuloci," ya ce. "Amma da sauranta. Alhamdu lillahi." Sai a lokacin ya ɗago. "Me ya sami kafaɗarka? Wane ne wannan?"

"Ka san shi?" in ji Ja'afar.

"Sada? Ai ɗana ne."

Ja'afar ya dubi sandar da ke hannunsa, ya jingine ta da bango. "Ma'alish, yi haƙuri," ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Matar Hajj ta aiko da ruwa da ƙanƙara a tsumma. Hajj ya ce wa Sada ya yi sauri, dokar hana fita ta kusa, ga gidan cike da 'ya'ya mata da jikoki, ba wurin kwana. Aka ja ƙofar garejin, motar ta ɓace.

Sada ya tsaya a bakin titi. Babu tasi, babu bas. Tsakaninsa da Hayyin Ashir duk shingayen nan ne, a ƙafa, ba waya. Ja'afar ya riga ya yi nisa, yana tafe kai a sunkuye.

Sada ya dafe kafaɗarsa ya ɗaga ƙafa.

"Ya usta," ya kira shi. "Jira ni."