Shuɗin Ɗigo a Gurbin Malam Haladu

Duk masuntan da ke tsakanin Haɗeja da Kirikasamma sun san Malam Haladu yana da wani gurbin kamun kifi a cikin fadama, amma babu wanda ya san inda yake. Idan ruwa ya fara ja bayan damina, kowa sai ya dawo da 'yan ƙananan karfasa a gindin kwalekwale, shi kuwa ya ɓullo daga cikin ciyawar kacala da tarwaɗa manya-manya, kowace kamar cinyar ƙato. In an tambaye shi sai ya ce rabo ne. Rabo dai, shekara ashirin da biyu, kullum ta hanya ɗaya! Ƙaninsa Shu'ibu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi sawunsa ya fi sau goma. Kullum kacala ke ɓatar da shi, ya dawo gida da cizon sauro da haushi.

Mutum ɗaya ce ta san wurin, ita ce autarsa Adila. Tun tana 'yar shekara shida yake ɗaukarta duk Asabar, tana kwalfe ruwan jirgi tana zuba masa surutu. Daga tashi har dawowa bakin yarinyar nan ba ya hutawa: wa ya yi faɗa da wa a makaranta, wace malama ce ta sa takalmi wari da wari. Haladu yakan ce shi bai ga amfanin rediyo ba. Gaskiyar magana, tarwaɗar ma ba ta kai masa wannan surutun daɗi ba.

Da ta cika sha biyar, yayanta da ke Kano ya aiko mata da waya. A satin nan kuma Haladu ya ji labari a bakin masallaci, wai wani baƙo ya yaudari wata yarinya ta dandalin sada zumunta har ya karɓi hotunanta. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, kuma babu mai ganin laifinsa. Ya karɓi wayar, ya ce zai kai a duba masa batirinta, ya nufi wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya ce a haɗa masa ita da tasa: inda take, da wanda ta yi magana da shi, da abin da ta rubuta, duk yana so ya gani. Mai gyara ya ce akwai tsari mai sauƙi, wanda zai tare baƙi kawai ya kuma rage mata daɗewa a kai. Haladu ya ce shi ba ya son rabi-rabi, a buɗe komai.

To, ga inda gizo ya yi saƙarsa. Haladu ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami kamar ruwa, amma boko ya fi ƙarfinsa, balle rubutun yaran yanzu da suke cinye rabin kalma. Saboda haka ya sa aka haɗa da wayar Shu'ibu, wanda ya taɓa sakandare, don ya riƙa karanta masa. Kullum bayan la'asar sai su zauna a gindin darbejiya, Shu'ibu yana karantawa har da kwaikwayon murya, Haladu yana gyaɗa kai. Ba su tsinci komai ba sai hirar Adila da ƙawarta Jannatu: tsoron jarrabawar lissafi, da wani ƙurji da ya fito mata a tsinin hanci har ta rantse ta daina duba madubi.

Shu'ibu kuwa bakinsa ba ya riƙe ruwa. Wata ranar Juma'a ya shigo gidan ana cin abinci, ya dubi Adila ya ce yaya batun madubi, an shirya ko har yanzu ana gaba? Yarinya ta tsaya da loma a hannu. Jannatu kaɗai ta gaya wa wannan maganar. Ta dubi baffanta, ta dubi ubanta da ya duƙufa a kan tuwo kamar yau ya fara ganinsa, ta ajiye lomar ta shige ɗaki.

Daga ranar rediyon Haladu ya mutu. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Tana gaishe shi, tana kawo masa ruwan alwala, in Asabar ta yi ta shiga jirgi ta kwalfe ruwa. Amma iyakar abin da yake samu shi ne "to, Baba" da "a'a, Baba". Ya yi mata ba'a, shiru. Ya nuna mata garken tsuntsayen da suke sauka a fadama in sanyi ya gabato, waɗanda da take ƙirga su da ihu, ta ɗaga kai ta sauke. Abin ya ci masa rai fiye da yadda zai iya faɗa. Matarsa Bintu ta ce, "Malam, kai ka zazzage mata jaka a tsakiyar kasuwa, kuma kana mamakin ta ƙulle bakinta?" Ya ce shi tsare ta yake yi, uba kuma ba ya neman izini kafin ya tsare 'yarsa. Bintu ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da jera kifi a kan banda.

Asabar ta huɗu da haɗa wayar, suka yi sammako kamar kullum. Haladu ya yi duk dabarunsa: ya nufi gabas kamar mai zuwa Kirikasamma, ya waiwaya ya ga ba kowa, sannan ya karya ya kutsa cikin kacala ta wata 'yar kafa da sai ka san da ita za ka gan ta. Lanƙwasa bakwai, sannan ruwa ya buɗe.

A tsakiyar gurbin, ga Shu'ibu zaune a cikin nasa kwalekwalen ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa. Tarwaɗa uku suna ta mutsu-mutsu a gabansa.

"Barka da asuba, Yaya," in ji shi. "Ashe nan ne. Wallahi wuri ya yi kyau."

Sandar tuƙi ta kusa suɓuce wa Haladu. Ya yi salati, ya sake yi. Sannan ya juya a hankali ya dubi Adila, don ita kaɗai ta sani a duniya.

"Kada ma ka kalle ta," Shu'ibu ya ce, ya zaro waya daga aljihu. Ya nuna masa taswira da wani shuɗin ɗigo a tsakiyarta. Ya ce wannan ɗigon Adila ce, wato wayarta. Asabar uku ke nan yana kwance a ɗakinsa yana kallon ɗigon nan yana ratsa kacala, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ya haddace hanya kamar ta gidan surukansa. Kuma wa ya ce a buɗe komai? Wa ya sa aka haɗa da wayarsa, ya ce ya riƙa dubawa?

Bai tsaya nan ba. Ya ce tun farko shi ba don ƙurjin hanci yake karatun nan da ƙwazo ba, yana fatan yarinya za ta yi suɓutar baki ne. Ya bi tsofaffin saƙonninta kaf. Sau biyu Jannatu tana tambayarta ina suke samo irin wannan kifin, sau biyu tana ba ta amsa ɗaya. Ya lalubo ya karanta, wannan karon ba da kwaikwayon murya ba: "Sirrin Babana ne, ba nawa ba ne balle in bayar."

Haladu ya zauna a gefen jirgi. Shekara tara yarinyar da bakinta ba ya hutawa tana riƙe masa sirri, shi kuwa nata ko wata ɗaya bai yi a hannunsa ba ya kai shi gindin darbejiya. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Yana neman abin da zai ce sai ya ji wani ɗan sauti a bayansa. Adila ce ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa. Ta yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata har ta saki ƙwaryar kwalfe ruwa a cikin kogi. Shu'ibu ya kama. Haladu ya haɗe rai na ɗan lokaci don kada girma ya zube, amma ina, shi ma ya fashe, har tsuntsaye suka tashi daga cikin kacala.

A nan kan ruwa aka yi sulhu. Shu'ibu ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, Haladu ya ce in ya ji labarin gurbin nan a bakin ko da akuya ce, ya san inda zai nufa. Sannan ya miƙa wa Adila wayarsa da ta Shu'ibu, ya ce ta warware abin da mai gyara ya ƙulla. Ita da kanta ta ce a bar abu biyu: baƙon da ba ta sani ba kada ya iya aiko mata da saƙo, kuma wayar ta riƙa rufe kanta bayan isha'i, don ita ma tana hana ta barci. Sauran kuwa nata ne.

"Auta, ki yafe mini," in ji Haladu. "Sa sabuwar lambar sirri, kada ki gaya mini."

Ya jawo hularsa ya rufe idanu da ita har sai da ta ce ta gama.

Ba su fita daga lanƙwasa ta biyu ba bakin Adila ya buɗe. Lissafi ta ci sittin da takwas. Ƙurji ya baje, sun shirya da madubi. Kuma akwai wani da ya aiko mata da saƙo kwanaki ta wani dandalin da su Baffa ba sa gani, wai yana son hotonta. Ta toshe shi nan take, ta so ta gaya wa Baba a ranar, amma a lokacin tana fushi. Haladu ya yi salati, sannan ya yi hamdala. Abin da ya yi wata guda yana nema a waya ke nan, ga shi an ba shi a jirgi ba tare da ya tambaya ba.

Da suka fito bakin kogi, hanyar gida tana hannun dama, 'yar gajeruwa. Adila ta riga ta shiga labarin wata malama da tunkiya ta biyo har cikin aji, kuma da alama labarin yana da tsawo. Haladu ya kafa sanda ya karya hagu.