Haddar da Sabiru Ya Kai Asibiti

Tun ranar da Sabiru direba ya faɗo daga saman mota yana ɗaure buhunan gyaɗa a kasuwar Ɗanbatta, har ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, makullin motar nan. Motar ta Hajiya Furera ce, mai atamfofi a bakin tasha, amma shekara goma sha ɗaya shi yake jan ta zuwa Kano. Yana kwance aka ba Ɗanliti, wani matashin direba a tashar, riƙonta, wai kafin ya warke. To ya warke, har gashi ya rufe ɗinkin ƙeyar, ya je karɓar makulli, Hajiya ta ce a'a. Likitan da ya sallame shi ya ce sai an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa a Kano, ita kuma ba za ta ɗora rayukan mutane a hannunsa ba sai ta ga takarda.

Sabiru ya dawo gida yana ta saƙe-saƙe. Wa ya kai wa Hajiya maganar likita? Ɗanliti ne ya ɗauko su ranar sallama. Wa ake gani kwanan nan yana durƙusa mata har ƙasa, yana kai mata rake? Shi ɗin ne dai. Har carbi ya rataya a madubin motar, sai ka ce ta ubansa.

"Gwajin ƙwaƙwalwa wai," in ji shi ga matarsa Aina'u. "A rubuta na haukace ke nan, a buga hatimi."

"Ni ban ji an ce hauka ba, Baban Luba."

"Ke ina za ki ji? Ba ke ce kuke zuwa kitso tare da matar Ɗanliti ba?"

Aina'u ta ci gaba da tsince wakenta. Hakan ma bai yi masa ba.

A ƙauyen nasu, mutum ɗaya ne ya taɓa shiga wannan gwaji, Malam Sha'aban mai makarantar allo. Bara 'ya'yansa suka kai shi saboda yawan neman tabarau alhali suna bisa goshinsa, ya cinye gwajin tas, ya dawo ya hana kowa sakat da labarin. Sabiru ya same shi a zaure bayan la'asar, ya leƙa waje sau biyu, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam ya gyara zama. "Ai wasan yara ne. Kalmomi biyar likitar za ta faɗa maka, ta ɗauke maka hankali da wasu abubuwa, can ta ce kawo su. Ƙwarya, rijiya, shuɗi, zakara, takalmi. Sai ta ce ka zana agogo, ka sa shi ƙarfe uku saura kwata. Sai ranakun mako daga baya zuwa gaba."

Da bakin nan bai tsaya ba. Ya ɗauko allo da tawada ya rubuta masa su da ajami, ya ce ya je ya yi hadda kamar yadda aka saba. Kwana tara Sabiru yana bayan rumbu da allo a cinya, yana rangaji yana maimaitawa. Maƙwabta suka ce faɗuwar nan ta zame masa shiriya, ga shi ya koma karatu. Har wata tsohuwa ta aiko masa da fura.

Ranar gwaji suka yi sammako shi da Aina'u. Motar wani suka shiga, don ya rantse ba zai zauna Ɗanliti yana tuƙa shi ba. A asibitin aka kai su wani ɗaki mai teburi ɗaya da fanka, wajen wata matashiyar likita mai suna Ramlat. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali. Ladabin ya yi masa yawa. Daga nan ta ce ya ɗan jira a waje, za ta fara ganawa da uwargida. Ya zauna a benci yana kallon ƙofa, yana jin muryar Aina'u ƙasa-ƙasa, ba ya kama ko kalma. Wace magana ce haka da ba za a yi a gabansa ba?

Da aka shigo da shi, Likita ta buɗe takarda ta ajiye agogon hannu a gefe.

"Malam Sabiru, zan faɗi kalmomi biyar, ka riƙe min su. Tsani, albasa, gajimare, allura, doki."

An canza! Wani ya riga shi zuwa. Ya maimaita su da baki kamar yadda ta nema, amma zuciyarsa tana can tana neman wanda ya gan shi a zauren Malam. Aka zo agogo, ta ce ƙarfe takwas da minti ashirin, hannunsa ya tafi ya zana uku saura kwata, tsaf da shi. Ta duba zanen, ta dube shi, ta rubuta wani abu tana kare takardar da hannu.

"To, kalmomin nan fa?"

Ya buɗe baki, sai ga su sun zubo kamar ana karatun safe. "Ƙwarya, rijiya, shuɗi, zakara, takalmi."

Likita ta ajiye biro. Ta jawo aljihun teburi ta fito da wata takarda daban, ta bi ta da yatsa, sai ta rufe baki da gefen mayafi tana ɓoye dariya.

"Wa ya biya maka karatun nan?"

"Ke zan tambaya, Likita. Ɗanliti ya zo nan ko bai zo ba?"

"Wane ne Ɗanliti?"

"Haka za ki ce mana."

"Wallahi ban san shi ba. Takardun gwajin nan kala-kala ne, muna sauya su ne saboda masu wayo irinka. Wannan da ka haddace, rabon da in yi amfani da ita tun bara." Ta daina dariyar. "Ba makulli nake son ƙwace maka ba. So nake mu san abin da faɗuwar ta taɓa da abin da ta bari. Je ka yi azahar, ka ci abinci, ka dawo mu yi na gaskiya. Wannan na yaga shi."

Ta yaga kuwa a gabansa. Ya karɓi guntayen ya zuba a aljihu, don gudun kada a liƙe su daga baya.

A bakin masallacin asibitin ya tsare Aina'u. "Me kika gaya mata?"

"Abin da ta tambaya. Na ce ran Talata ka fita sayo gishiri da omo da maganin Luba, ka dawo da gishiri kaɗai."

"Sai ki tona min asiri a gaban baƙuwa?"

"Ni ce zan zauna ina jiran ka dawo daga hanya kullum, Baban Luba. Ba ita ba."

Gwajin na biyu ya kai kusan awa biyu. Ta karanta masa ɗan labari ya maimaita. Ta ba shi katakai masu launi ya haɗa su yadda hoto ya nuna, wannan kam ya yi shi kafin ta gama gyara zama. Ta tambaye shi garuruwan da ke kan hanyar Kano, ya jero su har da inda ramuka suke. Amma da ta ce ya buga teburi duk lokacin da ya ji lamba bakwai, yana kuma ƙirga sau nawa ta ce biyu, sai abin ya cakuɗe masa. Sababbin kalmomi biyar kuwa, biyu ya kawo, ta ukun sai da ta ɗan haska masa.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Tsohon abin da ya sani yana nan daram. Sabo ne yake zamewa, kuma in abu biyu suka taso lokaci ɗaya, yana ɗan jinkiri. Irin wannan yakan gyaru, in ji ta, amma ba tuƙi har wata huɗu, sai ya dawo a sake gwadawa. Ta koya wa Aina'u wasu atisaye da za su riƙa yi a gida, ta miƙa masa takarda a ambulan.

A hanyar tasha ya gama shirya abin da zai gaya wa Hajiya: likitar ba ta zo ba, an ce gwajin ma ba dole ba ne. Ambulan kuwa akwai murhu a gida. Suna isa suka tarar motar da ke kan layi tasa ce, ga Ɗanliti yana goge gilashi. Ba wata sai bayan magariba.

"A'a, Yaya Sabiru! Gaba za ka zauna, wallahi. An ci jarrabawa?"

"Ka ji da kulocin motar da kake ƙonawa."

Ya zauna a gaba yana harararsa, yana ƙirga kurakurai. Sun wuce rabin hanya, Ɗanliti yana ba wani fasinja amsa a kan farashin taki, sai wata yarinya ta ɓullo daga cikin dawa tana bin akuya, ta faɗo titi. Mota ta yi ƙara ta tsaya cak, mata suka ɗau salati. Yarinyar ta tsallake da akuyarta ko waiwaye babu.

Sabiru ya dubi ƙafarsa ta dama. Ta taka ƙasan motar da ƙarfi, yadda ƙafar kowane direba take yi in yana gefe. Amma ya ji lokacin da ta taka: ta makara, motar ta riga ta tsaya. Ya dubi Ɗanliti ko ya lura. Ɗanliti yana can yana zagin akuya.

Hajiya Furera tana rufe shago suka iso. Ya tsaya jim da hannu a aljihu, sannan ya ciro ambulan ya ajiye a kan atamfofi.

"Wata huɗu ta ce, Hajiya. Huɗu, ba biyar ba. A kira shugaban tasha ya zama shaida, a gaban wancan." Ya nuna Ɗanliti da baki.

Hajiya ta juya ambulan. "Ai ba a buɗe ba ma. To kafin nan me za ka yi?"

"Benci za ki sa min a nan ƙofar shago. Duk lodin da zai yi, ina kallo."

Ɗanliti ya ce, "Har da rakiya Kano in kana so, Yaya."

"Ba na so. Kuma ka cire min carbin nan daga madubi, yana kare hanya."