Jinin Salifu a Kwalin Dabino

Shekara goma sha bakwai rumfata na jingine da ta Salifu a kasuwar Assihar, ban taɓa jin ya kira sunan Laure ba. 'Yarsa ce ta fari, sai dai ya ce "yarinyar nan". Da likita ya ce kansar hanta ce ke damunsa, kuma ta yi nisa, wata biyu ya yi bai gaya mata ba, don taurin kai irin nasa. Ni na buga mata waya.

Abin haushin, a kan wannan cutar Laure take bincike a jami'a can Aljiyas, babban birnin ƙasar. Ta taɓa yi mana bayani, wai ƙwayoyin kansa suna ƙulle saƙo a wasu mitsi-mitsin ƙunshi da ido ba ya gani, su zuba cikin jini, su je su ɓata lafiyayyu. Ita da abokan aikinta kuma suna koyon tsinto ƙunshin, don a gane cutar tun tana ƙarama. Ranar Salifu dariya ya yi.

Da ciwo ya kwantar da shi sai maganar ta dawo masa. "Mahamane," ya ce mini, "lokotoro ya gama nashi, tawa ta ƙare. Amma jikin ga cike yake da abin da yarinyar nan take biɗa. A kai mata."

Wani ma'aikacin jinya, maƙwabcinsa, ya ɗebi jinin a 'yar kwalba, a zatonsa asibitin gari za a kai. Mu kuwa muka yi yadda muka saba aika komai: muka naɗe ta a tsumma, muka cusa tsakiyar kwalin dabino kar ta fashe, na danƙa wa direban babbar mota da hannuna. Kwana huɗu tana hanya cikin zafi. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Laure ta kira ni tana kuka. "Baba Mahamane, jinin ya lalace. Sanyi yake so, kuma a yi aikinsa ranar da aka ɗiba. Don Allah kar ka gaya masa."

Na same shi kwance a tsakar gida, idanu sun yi rawaya, ciki ya kumbura. Na ce saƙo ya isa lafiya, ta gode. Ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Sannan ya janye hannun riga a hankali, ya miƙo mini hannun da ya koma ƙashi da fata.

"Tambaye ta," ya ce, "in bai ishe ta ba, a ƙara."