Bindigar Wa Ke Sama

"Ni ban ce katakon bai yi kyau ba, Hizamu. Ya yi kyau, har ƙusoshin tagullar na gani. Abin da na tambaye ka, wa ya ba ka mabuɗin ɗakin hatsi?"

Taƙiyya ta saurara, wayar na manne da kunnenta ta cikin mayafi.

"To, matarka. Ita ma zan zo kanta. A'a, ɗan nan, ba kayan ado ba ne, bindigogin amana ne. Awa ɗaya? Nan da awa ɗaya ai sai dai ka zo ka taya mu wanke daɓe."

Ta miƙa wa surukarta Ganiyya, matar Hizamu, wayar ta kashe, don ita har yau ba ta san inda ake latsawa ba.

A nan duwatsunmu na Yaman, idan gida biyu suka yi rigima suka kai wa dattijo, kowane gida sai ya ajiye bindiga guda a hannunsa, alamar ya yarda da duk hukuncin da za a yanke. Shekara arba'in Muƙbilu mijin Taƙiyya yana karɓar irin waɗannan bindigogi, kuma dokarsa ba ta taɓa canjawa ba. A zare gidan harsashi a ba Taƙiyya, a kwantar da bindigogin kafaɗa da kafaɗa a ɗakin hatsi, a kulle. Ba mai ganinsu sai ranar da aka gama magana.

Wannan karon gidan Shayifu da gidan Naji ne, a kan ruwan da ke gangarowa gonakinsu. An riga an fasa wa ƙanin Shayifu kai da fartanya. Yau bayan azahar za a zauna.

Shi kuwa Hizamu, autan gidan, ya koyo aikin kafinta a birni, ya dawo hannunsa na ƙaiƙayi. Sati biyu yana goge wani katako mai tsada, ya yi masa marataya hawa biyu, ya kafa shi jiya a bangon ɗakin sama inda baƙi ke zama. Da safen nan ya ga katakon fayau, ya kasa haƙuri. Ya ɗauko bindigogin amana ya rataye, ya tono gidajen harsashin daga cikin buhun dawa inda Taƙiyya ta ɓoye su, ya mayar musu, wai ba sa kyau tsirara. Sannan ya tafi kasuwa sayo wa baƙi ganyen kat, wanda maza ke taunawa a wurin zama.

Ta Naji a sama, ta Shayifu a ƙasa.

"Inna, wallahi cewa ya yi zai goge musu ƙura ne," in ji Ganiyya.

"Ya goge. Ɗauko mini kujerar tsuguno. Ina Baban naku?"

"Ya sauka kwari duba hanyar ruwan, bai dawo ba."

"Da ƙafar nan tasa? Sai la'asar ke nan."

Taƙiyya ta hau matakala tana dafa bango, hawa uku, gwiwoyinta suna ƙara. Ta shiga ɗakin, ta ajiye kujerar a gindin katakon. Ƙafa ɗaya ta ɗora ta ji motoci sun tsaya a ƙofar gida. Ba ɗaya ba, biyu. Kowane gida ya yi sammako don kada a ce ɗayan ya riga shi samun kunnen dattijo.

Ta ji ana ajiye makamai a soro, kamar yadda aka saba. Wato duk wanda zai hawo, wuƙar ɗamararsa kawai gare shi. Bindiga biyu ce za ta rage a ɗakin, ga su nan a bango, cike, daidai hannun duk namijin da ya miƙe tsaye.

Ta sauke ƙafarta. Idan aka shigo aka same ta tana sauke ta Naji, cewa za a yi ana ɓoye abin da aka riga aka ƙulla. Ta gyara mayafi, ta juya wa katakon baya, ta tsaya.

Naji ya fara shigowa da mutum huɗu, Shayifu na biye da biyar. Suka yi sallama, suka yi mamakin ganin mace a ɗakin maza, amma tsohuwa ce, suka gaishe ta.

"Inna, mun same ku lafiya? Ina Baba?"

"Yana tafe. Ku zauna, gahawa na zuwa."

Taƙiyya gajera ce, katakon kuwa ya wuce kanta da kamu biyu. Shayifu ya riga ya tanƙwashe gwiwa zai zauna, idonsa ya hau bango. Bai ƙarasa zaman ba.

"Waccan mai jan zare a gindi, tawa ce ko?"

"Taka ce."

"A ƙasa."

"A bango dai."

Shayifu ya juyo ya dubi mutanensa. "Ku tashi. An gama shari'a tun kafin mu zo. Gahawa aka kira mu sha."

Da Naji ya yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma Naji tun yana yaro bakinsa ke jawo masa duka. Ya jingina da matashi, ya ɗaga kai ya kalli tasa.

"Ni ban roƙi kowa ba. Kowace ta sami inda ya dace da ita ne, ina ji."

"Sake faɗa."

"Kunnenka ma a ƙasa yake?"

Hannaye suka sauka kan ɗamara. Ƙanin Shayifu, mai rawani a kan rauninsa, bai taɓa wuƙa ba. Shi bango yake kallo, yana matsowa a hankali ta gefen taga. Taƙiyya ta gan shi. Ta kuma ga ɗan Naji ya gan shi, shi ma ya ɗaga ɗuwawu daga shimfiɗa.

"Kai mai ciwo," in ji ta, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ni na yanke maka cibi. Zo ka riƙe mini kujerar nan kada in faɗi."

Ya tsaya cak. Ya dubi yayansa.

"Ba shi na aika ba, kai na aika. Hannu biyu."

Ya durƙusa ya kama ƙafafun kujerar da hannu biyu. Ta dafa kansa, kusa da raunin, ta hau.

"Inna, ba a taɓa amana sai mai gida na nan," in ji Naji.

"An riga an taɓa. Wawan da na haifa ne ya taɓa. Ya yi katako ya rasa abin ratayawa. Da tukwanena ya samu, su za ku tarar."

"Haka kawai tasa ta hau sama?" in ji Shayifu.

"Ta fi tsawo, maratayin sama ya fi faɗi. Iyakar shari'ar Hizamu ke nan. In kana so a ce hukuncinka a hannun kafinta yake, sai in aika a kira shi."

Wani a cikin mutanen Naji ya yi dariya ta hanci, aka harare shi.

Ta ɗago ta ƙasa. Ta yi mata nauyi fiye da yadda ta sani, bakin ya yi lilo ya ratsa ɗakin, maza goma sha ɗaya suka sunkuya lokaci guda. Ta danna, gidan harsashin ya fito, ta jefa shi cikin wuyan rigarta. Ta ja ƙarfen baya ta leƙa, babu komai a ciki. Ta saƙala bindigar a hammata, ta yi ɗage ta jawo ta sama, ita ma ta yi mata haka. Sannan ta sauko, ta kwantar da su a kan darduma, kai da kai.

"Tawa aka fara saukewa," in ji Shayifu.

"Don ita ce a kusa," in ji Naji. "Na ƙasa ai shi ake fara kaiwa."

"Kuma ga tasa ta fi kusa da wurin zaman Baba. Ni ba yaro ba ne, Inna. Ba ni abata in tafi, mu ƙarasa a kwari."

Shayifu ya tako, ya miƙa hannu. Idan bindigar nan ta fita gidan, sulhu ya warware, kuma kowa a ɗakin ya san kafin magariba za a ɗauko wani a kafaɗa.

Taƙiyya ta ja gefen dardumar ta lulluɓe su duka biyu. Ta tattare zanenta, ta juya, ta zauna daram a kai, ta miƙe ƙafafu. Ƙarfe ya tokare ta, ba ta nuna ba. Hannun Shayifu ya tsaya a iska. Namijin da ya sa wa tsohuwa hannu a ƙasar nan, jikokinsa ma ba sa samun mata.

"Inna, tashi mana. Maganar maza ce."

"Na ji. Kuna ta wa ke sama, wa ke ƙasa. To yanzu ni ce a sama, kuma nan nake har Muƙbilu ya hawo. Wanda bai yarda ba, ya zo ya ɗaga ni."