Ranar da Aka Matsar da Kujerar Baba

Wadda ta fara matsar da kujerar Baba daga mazauninta ita ce Auta, a shekarar da ta gama makaranta ta dawo gida zaman jiran aiki. Kafin ita an yi masu yunƙurin gyara falon. Yaya ya taɓa jan teburin tsakiya zuwa jikin bango a shekarar aurensa, rana ba ta take ba ya mayar da shi da hannunsa. Goggo ta taɓa kawo labule mai furanni, bai daɗe a taga ba ya koma akwati. Amma kujerar, tun da aka shigo da ita ƙafafunta suka haƙa wa kansu gurbi a darduma, babu wanda ya taɓa ganin ƙarƙashinsu.

Auta ta nemi izini yadda ya kamata, a durƙushe. "Baba, bangon nan ya koma kalar shayin da aka manta a kofi."

Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu unguwa-unguwa, ya ce, "Ki yi fentinki, 'yar boko."

Da ya tafi duba ƙaninsa na 'yan kwanaki, sai ta zarce fenti. Ta sa aka yi wa bango fari, ƙofofi fari, labule fari sol. Ta naɗe tsohuwar darduma, ta kawo teburin gilashi, ta lulluɓe kujerar da yadi ruwan madara ta kai ta bakin taga. Falon ya yi faɗi, ya yi haske, har maƙwabta suna leƙowa.

Baba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ya ce, "Madalla." Ya ɗaga ƙafa ya shiga, ƙwaurinsa ya daki teburin gilashi. Ya juya ya wuce ɗakinsa.

Daga ranar bai sake zama a falo ba. A ɗaki yake cin abinci, a ɗaki yake jin rediyo, abokan hirarsa na yamma suka fara ɗauke ƙafa. Abin ya tsaya wa Auta a rai, domin ba ta gyara falo don ta kori mai falo ba. Kuma ba fushi yake yi ba, yana tsokanarta kamar kullum. To mene ne?

Sai ta zuba ido. Ta lura idan zai zuba shayi yakan ɗora yatsa a bakin kofi. Ta lura yana riƙe jarida, amma ba ya juya shafi. Ta lura ba ya ambaton sunan baƙo sai baƙon ya yi magana. Ta kuma tuna wani dogon zanen dauɗa da ke jikin bango daidai tsayin hannu, daga ƙofar ɗakinsa har falo, wanda ita da kanta ta ce wa mai fenti ya shafe.

Ta sami Inna a kicin tana wanke-wanke. "Inna, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon Baba."

Inna ta ajiye soso, ta dube ta. "Au, yanzu naki ya buɗe? Ya kwana biyu. Yana ganin abu mai launi mai ƙarfi, sauran kuwa da ka ya haddace. Ke kuma kin zo kin tsoma shi cikin madara."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Idan Yayanki ya ji, gobe zai kwashe shi zuwa gidansa, jikoki su riƙa jansa da hannu. Mutumin da bai taɓa ɓata a gari ba, a ja shi a falo? Likita ma ya ce a yi aiki, shi ya ce sai ya yi shawara. Har yau shawarar ake yi."

Rashin sani ya fi dare duhu. Mai sauƙi shi ne Auta ta mayar da komai yadda ta same shi, amma akwai tambayar da ta hana ta sakat: shin mene ne Baba yake gani? Ta ɗauki farin mayafinta mai shara-shara, ta ninka, ta ɗaure a ido, ta tsaya inda ya tsaya. Bango da ƙofa da labule suka zama abu guda. Kujera ta narke, teburin gilashi kuwa kamar ba a taɓa ƙera shi ba. Abu biyu kawai suka amsa mata: jan fulas ɗin Inna da baƙin takalmin da ke bakin ƙofa. Ta yi ta zagaya ɗakin tana ɗaga yadi iri-iri a gaban fuskarta, tana ware wanda ya fito daga wanda ya ɓace.

Mai fenti ya dawo yana ƙunƙuni. "Jiya fari, yau shuɗi. Ƙanwata, bango ne ko zane?"

"Kai dai shafa, Malam."

An bar bangon da farinsa, aka zagaye kowace ƙofa da shuɗi mai duhu. A gurbin zanen dauɗa aka kafa siririn katako mai santsi, wanda baƙo zai ɗauka ado ne. Tsohuwar darduma ta sha wanki ta koma, tsohon tebur ya sha baƙin fenti ya koma, na gilashi ya tafi ɗakin Auta. Kujerar kuwa aka sa mata yadi ja wur, aka saka ƙafafunta cikin gurabensu, aka tsayar da fitila a bayanta.

"Baba, farin nan ya gundure ni, na sake. Zo ka yanke hukunci."

Ya zo yana shafa katakon. A bakin ƙofa ya tsaya kaɗan, sannan ya saki bango, ya miƙe sak har kujera, ya zauna.

"Jan nan ihu yake yi."

"Mai shi yake kira."

Ya murza hannun kujerar. "Uwarki ta yi surutu ke nan."

"Teburin gilashi ne ya yi, Baba."

"Yayanki fa?"

"Yaya ya leƙo jiya, ya ce ba ni da ido a kan kwalliya."

Baba ya yi dariya har da tari. "To, ki nemo mana ranar likitan nan. Amma gefena za ki bi, ba gabana ba."

Abin da aka samu a wannan gyara shi ne ƙofofi masu shuɗin baki, da katako guda, da fitila, da ranar ganin likita da aka daɗe ana ɗagawa. Abin da aka riƙe kuwa: darduma da gurabenta, da teburin da Yaya ya kasa rabawa da wurinsa, da masu hirar yamma da suka dawo, da Baba a kan kujerarsa, wadda yake isa da ƙafarsa ba tare da hannun kowa ba.