Suna Ɗaya, Fayil Biyu

Alƙawarin da matata ta sa na ɗauka ba mai wuya ba ne. Yatsa ta ɗaga min ta ce, "Injiniya, ko da wasa kada ka taɓa fayil ɗina." Injiniya take kirana in tana tsokana ko in da gaske take, ranar kuwa duka biyun ne. Na ce na ji, ba zan taɓa ba. Kuma Allah ya sani ban taɓa ɗin ba. Wannan ne ma abin da ya fi cina yanzu.

Rubuta manhaja ce sana'ata, da ita nake riƙe gida. Ita kuwa lissafi ta karanta, sai haihuwa ta bi haihuwa, takardunta suka shige ƙasan akwati. Da autanmu ya fara makaranta ta jawo tsohuwar kwamfutata, wadda rabin haruffanta sun goge, ta kafa ta a teburin cin abinci ta shiga koya wa kanta. Ba ta tambayata komai. In na leƙo ta bayanta sai ta kare allon da tafin hannu kamar ɗalibar da ake son satar wa amsa.

Wani kamfani da ke yi wa asibitoci manhaja ne ya kira ta intabiyu, aikinta na farko ke nan in ta samu. Sun ba ta gwaji ta yi a gida: ta rubuta shirin da zai raba wa ma'aikatan jinya lokutan aiki, ta zo da shi a kwamfutarta ta nuna musu. Ta yi komai tsaf, sai abu guda ya ƙi. Duk ƙarshen wata, wanda ya kwana a bakin aiki sai shirin ya sake sa shi a aikin safe. Har ana gobe intabiyu abin nan yana nan daram, ita kuma idonta duk ya faɗa.

Da rana ta tafi ɗauko yara ta bar kwamfutar a buɗe. Ni ruwa na fito sha, wallahi ruwa. Ina riƙe da kofi idona ya sauka kan allon, kafin in haɗiye na ga kuskuren. Layi ɗaya ne tal. Duk wanda ya san aikinmu ya san wannan ƙaiƙayin, ka ga layi ɗaya a karkace a ce kada ka miƙe shi.

Bari in yi bayanin dabarar da shaiɗan ya kawo min. Shiri irin wannan ba a rubuta shi a dunƙule, yanka shi ake yi gida-gida, kowane yanki a fayil ɗinsa. Mu a wajen aiki modul muke ce wa yankin. In shiri yana buƙatar wani modul, sunansa kawai yake kira, sai kwamfuta ta bi folda-folda a jere tana nema. Wanda ta fara tararwa da wannan sunan shi take lodawa, ba ta ƙara duba gaba, ba ruwanta da wanda ya rubuta. Kamar ka ce a kira maka tela, a kawo maka na farkon da aka gani a layi.

Modul ɗinta mai matsalar, jadawali ta sa masa suna. Kwamfutar kuma tawa ce a da, akwai wata tsohuwar foldata a ciki, kayan_injiniya, wadda tun tuni na sa ta a farkon jerin wuraren da ake dubawa. Sai na kwafi nata, na gyara layin a kwafin, na ajiye shi a foldata da suna iri ɗaya. Nata yana nan yadda ta bar shi, ko ɗigo ban canja ba. Har wani daɗi na ji, wai ni mai cika alƙawari. Na kunna, komai ya tafi daidai, na mayar da allon yadda na same shi na koma ɗaki.

Ta shigo da yara a gaba, ko mayafi ba ta cire ba. "Kowa ya yi min shiru," ta ce, "wani abu ya faɗo min a ƙofar makaranta, kada ya gudu." Ta zauna ta buga abin da za ta buga a fayil ɗinta, ta danna.

Ihun da ta yi sai da autan ya saki jakarsa. Ta miƙe tana tsalle, mace mai 'ya'ya uku, ta damƙi wuyan rigata tana jijjiga ni. "Ya yi! Injiniya, ya yi! Kuma ni kaɗai, ba ka sa min hannu ba!" Yara suka kama tsalle ba su ma san dalili ba.

Na ce, "Ai na san za ki iya."

Bakin nan nawa ne ya faɗi haka. Alhali kuwa na san abin da ya tashi ba nata ba ne, nawa ne. Na yi tunanin in lallaɓa in cire shi. To in na cire, matsalar ta dawo da safe fa, ta shiga gaban mutane da shiri a karye? Na ce wa kaina kallo kawai za su yi su ga yana aiki. Ƙarya nake wa kaina kuma na sani, don ni ma ina zama a irin wannan kujerar a ofishinmu, kuma abin da nake fara ce wa mai neman aiki shi ne ya canja min wani abu a gabana in gani.

Da safe ni na kai ta. Tana gaba rungume da kwamfutar, tana maimaita bayaninta ƙasa-ƙasa. A wajen danja na yi gyaran murya na ce, "Maman yara, akwai wani abu..."

"Kada ka ba ni shawara," ta ce. "Yau dai ka bar ni da kaina."

Abin kunyar shi ne daɗi na ji da ta tare ni.

Na zauna a mota a harabar ginin. Mai gadi ya zo ya ce in gyara tsayuwa na tare hanya, na gyara. Ya dawo ya ce yanzu kuma na shiga wurin oga, na sake gyarawa, ko musu ban yi ba, ni da ba a taka ni in yi shiru. Rediyo na kunna na kashe. Addu'ata guda ce, kada su ce ta taɓa jadawali.

Da ta fito, tun daga tafiyarta na gane. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora kwamfutar a cinya, ta sa bel a hankali. Ba kuka take ba, da kuka ne da ya fi min sauƙi.

"Sun yaba," ta ce, tana kallon gaba. "Shugabar sashen har ta ce aikin da tsabta. Sai ta ce in sa a ƙara wa masu aikin dare hutu. Abu mai sauƙi. Na canja, na kunna, ba abin da ya motsa. Na sake, ba abin da ya motsa. Don in tabbatar, na rubuta shirme a tsakiyar fayil ɗin, shirmen da dole ya karya shirin. Injiniya, lafiya lau ya tashi."

Na riƙe sitiyari.

"Sai ta jawo kwamfutar gabanta, ta buga layi ɗaya ta tambayi shirin daga ina ya lodo jadawali. Ya fito a babban allo, mutum uku suna kallo. Kayan injiniya." Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Ta ce min ba laifi ba ne a taimaka wa mutum, amma da na faɗa tun farko. Na ce ban sani ba. Ka san irin kallon da suka yi min? Ko dai maƙaryaciya ce ni, ko kuma ban san abin da ke cikin kwamfutata ba. Wanne kake so su ɗauka?"

"Ban taɓa fayil ɗinki ba," na ce. Kai, ni ma da na ji maganar ta fito sai na so ƙasa ta tsage.

"Na gani ai. Ka cika alƙawari. Sannu."

"Bari in shiga in yi musu bayani. Laifina ne, zan faɗa musu da bakina."

"Ka shiga ka ce me? Ni ne mijinta, na zo in gyara mata wannan ma?" Ta gyara zama. "Ja mota, mai gadi yana kallonmu."

Muka iso gida. Yara suna makaranta, falon shiru, kofunan safe suna nan a teburin ba a kwashe ba. Ta ture su gefe ta buɗe kwamfutar. Na miƙa hannu in nuna mata inda fayil ɗin yake, ta ce, "Mayar da hannunka." Da kanta ta shiga foldata ta goge shi. Ta koma nata, ta cire shirmen da ta rubuta a gabansu, ta mayar da shi yadda yake jiya bayan ta dawo daga makaranta. Yatsanta yana kan madannin, ta daɗe ba ta danna ba.

Ni kuma a tsaye a bayanta, a lokacin ne na fara ganin gyaran da ta yi jiya. Tun jiyan ban duba ba. Ko sau ɗaya bai zo min a rai in duba ba, na riga na yanke cewa ba zai yi ba. Ba ta hanyata ta bi ba, wata hanya ce dabam, kuma tun kafin ta danna na san abin da zai fito.

Ta danna. Ƙarshen wata ya fito sumul, ba wanda ya kwana ya sake wayar gari a bakin aiki. Ta saka ƙarin hutun da shugabar ta nema, ta sake dannawa, nan take ya bayyana.

Ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce a hankali, "Ashe na iya."

"Maman yara, ki yafe min. Tausayinki na ji."

"Jiya ina tsalle kana tsaye kana kallona," ta ce. "Har ka ce ka san zan iya."

Na kwashe kofunan na kai kicin na wanke, na goge, na rasa kuma abin yi. Da lokacin tashin yara ya yi ta yafa mayafi ta ɗauki makulli. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta dawo, ta rufe kwamfutar ta saka a jaka, ta fita da ita.